Sabon Tankin Kifin Ruwan Gishiri: Amsoshi Kan Awon Ruwa Kafin A Zuba Kifi

Tambaya: Na haɗa tanki, na zuba ruwan gishiri, ruwan ya yi garau. Me ya sa ake cewa kada in sa kifi yanzu?

Domin garau ɗin ruwa ba shi ne lafiyarsa ba. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi, ta gaɓar numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama. A tsohon tanki akwai ƙwayoyin bakteriya manne a jikin duwatsu da yashi da matata: kashi ɗaya suna mayar da amoniya nitirait, ɗaya kashin kuma su mayar da nitirait ɗin nitiret, wanda dafinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sabon tanki ba shi da su, sai an raine su, kuma hakan yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. A ruwan gishiri abin ya fi tsanani, saboda pH ɗinsa, wato awon tsamin ruwa (yawan lamba, ƙarancin tsami), yana wajen 8.1 zuwa 8.4, kuma duk hawan da pH ya yi da lamba ɗaya, ɓangaren amoniya mai guba yakan ninka kusan sau goma.

To yaya zan raine su ba tare da kifi ba?

Fara da gyara ruwan. Yi amfani da ruwan da aka tace da matatar RO, wadda ke cire kusan duk sinadaran da suka narke a ruwa, domin kulorin da ke ruwan famfo yana kashe bakteriyar da kake nema. Gishirin kuma ya zama wanda aka haɗa musamman don tankin kifi. Na girki ba shi da kalsiyam da maganiziyam da kabonet ɗin da ruwan teku ke ɗauke da su. Ka nufi gishiri kashi 35 cikin dubu, wato kusan 1.026 a rifraktomita, ma'aunin gishirin ruwa, zafi kuma digiri 25 zuwa 26. Ka bar famfunan ruwa a kunne dare da rana, don bakteriyar nan ba sa aiki sai da iskar oksijin.

Daga nan ka ɗiga sinadarin amoniyam kulorayid har awo ya nuna amoniya 2 ppm, wato kashi 2 cikin miliyan. Kada ka wuce 5 ppm, yawansa yana daƙile bakteriyar maimakon ciyar da su. Wasu suna jefa ɗanyen jatan lande ya ruɓe. Yana aiki, amma ba ka san adadin amoniyar da ya saki ba, ga wari. Idan ka samu dutse daga tsohon tanki mai lafiya ko bakteriyar kwalba, aikin zai yi sauri. In ka zuba ta kwalba, kashe fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta da na'urar kwashe datti ta hanyar kumfa na 'yan kwanaki har su manne.

Amoniya ta sauka, amma nitirait ya hau ya tsaya cak. In sauya ruwa?

Ba tukuna ba. Bakteriyar da ke cin nitirait sun fi jinkirin hayayyafa, don haka wannan tsaikon ba baƙon abu ba ne. Kafin ka taɓa komai, auna alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana pH faɗuwa, wanda ake aunawa da ma'aunin dKH. Aikin bakteriyar yana cinye shi, kusan miligiram 7 a kan kowane miligiram ɗaya na nitirojin ɗin amoniya. Idan ya faɗi ƙasa da 7 dKH, pH zai bi shi, aikin kuma ya yi sanyi. Ɗaga shi a hankali da bikabonet zuwa 8 ko 9, kada ya wuce 1 dKH a rana. Magungunan ɗaga pH kai tsaye ba na ba da shawararsu. Gyara alkaliniti da shigar iska, pH zai daidaita da kansa.

Kuma kada awon nitiret ya firgita ka a wannan lokaci. Yawancin kayan awo suna mayar da nitiret nitirait ne kafin su karanta, don haka muddin akwai nitirait a ruwa, lambar za ta fito sama da gaskiya.

Ruwa yana raguwa, in ƙara ruwan gishiri?

A'a. Ruwa ne ke tafiya da tururi, gishiri yana nan. Cika da tsurar ruwan RO kullum, zuwa alamar da ka yi a jikin gilashi.

Wani abu mai launin ruwan ƙasa ya rufe yashi da gilashi.

Gansakukar dayatom ce, tana cin silika da ke cikin sabon yashi, kuma takan ɓace idan silikar ta ƙare. Bar fitila a kashe, bakteriyar ba sa buƙatar haske.

Ta yaya zan tabbatar tankin ya nuna, wato ya shirya karɓar kifi?

Sake ɗiga amoniya zuwa 2 ppm. Idan bayan awa 24 amoniya da nitirait duk sun koma sifili, ya nuna. Sai ka sauya kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan da wanda gishirinsa da zafinsa suka yi daidai da na tankin, don nitiret ya sauka ƙasa da 20 ppm, ko ƙasa da 10 idan murjani mai rai za ka sa. Zuba kifi ɗaya ko biyu ƙanana, ka jira mako 2 kana aunawa kafin ka ƙara. Idan za ka wanke soson matata, wanke shi a cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin, ba a ƙarƙashin famfo ba.