An ce wayar buɗaɗɗiya ce, me ya sa take rasa 4G?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin kamfanin rarraba kaya, ina kuma shirin saya wa ma'aikatana wayoyi shida, don suna yawan tafiya, wasu har ƙasashen waje. Na fara sayen guda ɗaya don gwaji, aka tabbatar mini buɗaɗɗiya ce. Layi ya hau, ana kira lafiya, amma da zarar an bar tsakiyar gari ko an shiga cikin sito sai 4G ya ɓace. Wani mai gyara ya ce in kawo ya yi mata filashin, za ta kama kowane sabis. Ina tsoron in zuba kuɗi a sauran biyar ɗin su fito haka. Me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi dabara da kika fara da guda ɗaya. Ki dakata da sayen sauran, kuma kada wayar nan ta je hannun mai filashin.

Buɗewa da dacewa abubuwa biyu ne daban. Idan an ce waya buɗaɗɗiya ce, ma'anarsa kawai ba a ɗaure ta da layin kamfani ɗaya ba, za ta karɓi kowane layi. Ko za ta ji sabis ɗin wannan layin da kyau, wannan ya dogara da zangunan da aka ƙera ta da su, wato mitocin rediyo (band) da waya ke kama sabis a kansu, waɗanda ake aunawa da MHz. Alamar da kika bayar, sabis a fili amma babu a cikin gini da bayan gari, ta fi kama da rashin ƙaramin zango, wato mai ƙarancin MHz. Kamfanoni kan yi amfani da manyan zanguna a inda jama'a suka cunkushe, kamar zango na 3 mai 1800 MHz, na 1 mai 2100, da na 7 mai 2600. Waɗannan suna da gudu amma ba sa nisa, bango mai kauri kuma yana cinye su. Masu ratsa bango su kai nesa su ne na ƙasa: zango na 20 mai 800, na 28 mai 700, da na 8 mai 900. Wayar da ke da na 3 amma ba ta da na 20 ko na 28 za ta burge ki a bakin titi, ta faɗo 3G ko 2G a cikin sito. Wayoyin da aka yi wa kasuwar cikin gida ta Sin sukan zo babu zango na 20, su kuwa kamfanonin Amurka nasu zangunan daban ne, irin su 2, 4, 12, 13, 66 da 71.

Don haka sunan waya bai isa ba, lambar samfuri za ki nema. Galaxy S24 ɗaya ce a suna, amma SM-S921B ta kasuwar duniya ce, SM-S921U ta kamfanonin sadarwar Amurka ce, SM-S921U1 kuma buɗaɗɗiyar Amurka ce. Ki karanta lambar a cikin saitin wayar, ki kwatanta da ta jikin kwali, ki nemo jerin zangunanta a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Sannan ki tambayi kamfanin layinki zangunan da yake aiki da su a wuraren da yaranki ke zuwa, haka ma na ƙasashen da suke shiga. Na 5G suna da harafin n a gaba, n78 ne aka fi samu a ƙasashe da yawa. Idan kina son ganin zangon da wayar ke kai a yanzu, a iPhone ki danna *3001#12345#*, a yawancin Samsung kuma *#0011#.

Yanzu maganar filashin, wadda ita ce ta fi damuna, don kullum sai an jefa wani a wannan rami. Zango ba manhaja ba ce da za a ɗura. Kowane zango yana buƙatar matacinsa da na'urar ƙara masa ƙarfi a cikin injin wayar, da eriyar da aka daidaita masa. Ko da cip ɗin ciki yana iya wannan zangon, idan masana'anta ba ta dasa waɗannan ƙananan sassa ba, babu kwamfutar da za ta haifar da su. Wanda ya ce miki zai yi, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani yana son kuɗinki.

Ga abin da ke faruwa a kan teburinsa. Zai jona wayar da kebul, ya buɗe makullin da ke tsare tushen manhajarta, ya ɗora mata wata manhaja da ya sauko da ita daga inda shi kansa ba zai iya ba da shaida a kai ba. Zai sake kunna ta a bakin shagonsa inda sabis ke da ƙarfi, ya nuna miki alamar 4G a saman allo, alamar da dama can tana fitowa a wurin. Ki koma sito ki tarar jiya i yau. Abin da ya canja shi ne wayar ta rasa tsaronta. Manhajojin banki da yawa suna bincikar ko an taɓa tushen waya, idan sun gane sai su ƙi buɗewa. Sabunta tsaro na iya tsayawa. A Samsung akwai wani ɗan fis na Knox, tsarin tsaron wayoyinsu, da ke ƙonewa da zarar an ɗora manhajar da ba ta kamfani ba, kuma ba ya gyaruwa ko an mayar da ta asali. Secure Folder da walat ɗin Samsung sun tafi ke nan. Wannan waya ce da za ta riƙe lambobin abokan cinikinki, saƙonnin shigar kuɗi da lambobin sirrin da banki ke turowa. Yaya za a miƙa ta ga manhajar da ba a san mai ita ba?

'Yar'uwar wannan yaudara ita ce buɗewar cip. Ki zare tiren layi na iPhone ɗin da aka ce buɗaɗɗiya ce, ki duba da kyau: idan kin ga wani siririn falle kamar ɓawon albasa mai zanen zinariya kwance a ƙarƙashin layin, wayar a kulle take, ruɗin ta kawai ake yi. Ranar da aka sabunta ta, ko aka goge ta, ko aka canja layi, tana iya komawa gidan jiya, ma'aikacinki na tsakiyar hanya. Kulle na gaskiya kamfanin sadarwar da ya sa shi ne kaɗai ke cire shi. Akwai kuma masu cewa za su sauya lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata. Waya mai tsabta ba ta buƙatar haka. Wadda ake yi wa wannan yawanci an kai rahoton sace ta ne ko ana bin ta bashi, kuma a wasu ƙasashe laifi ne. Birtaniya ta yi doka a kansa tun 2002. Kamfani mai rajista ba shi da abin yi da irin wannan kaya, komai arharsa.

Tabbatar da buɗewa ba ya ɗaukar minti biyar. A iPhone ki shiga Settings, General, About, ki gangara zuwa Carrier Lock. Abin da ya kamata ki gani shi ne No SIM restrictions. A Android ki saka layukan kamfanoni biyu daban, ɗaya bayan ɗaya, ki yi kira, ki buɗe intanet da kowanne. Ki danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, ta yi daidai da ta kwali da ta rasit. Idan ta hannu ce, a goge ta gaba ɗaya a gabanki a sake kunnawa da intanet. A nan ne ɓoyayyun kulle ke fitowa: asusun tsohon mai ita, ko allon da ke cewa wani kamfani ne ke kula da wayar daga nesa, ko kullen masu sayarwa bashi.

Tunda yaranki na fita waje, ki kula da VoLTE, wato kira ta kan 4G. Manyan kamfanonin Amurka sun rufe 3G a 2022, Ostareliya ta kammala nata a 2024. A irin waɗannan wurare wayar da VoLTE ɗinta bai dace da kamfanin ba za ta iya buɗe intanet amma ta kasa kira. Gwajinsa mai sauƙi ne: ki kashe Wi-Fi ki yi kira, ki kalli saman allo. Idan 4G ya tsaya, yana aiki. Idan ya koma 3G ko E, ba ya aiki a wannan layin. Ki kuma sani iPhone ɗin da aka sayar a Amurka daga 14 zuwa sama ba su da ramin layi ko kaɗan, eSIM kawai suke ɗauka, wato layin da ake ɗorawa a cikin waya ba tare da kati ba, sai kin tabbatar kamfanin layinki na bayar da shi. Ga matafiyi, mafi dacewa ita ce mai ramin layi ɗaya da eSIM, ya bar layin ofis a ciki ya ɗora na ƙasar da ya sauka.

Sauran abubuwan, batir da kyamara da girman ma'aji, kin fi ni sanin bukatar aikinki. Abu ɗaya zan ƙara: ki duba shekarun da kamfani ya yi alkawarin sabunta tsaro. Pixel 8 da Galaxy S24 an yi musu alkawarin shekara 7 daga fitowarsu, ƙananan wayoyi da yawa kuwa ba sa kai rabin haka.

Wadda ke hannunki, ki duba lambar samfurinta yau. Idan ƙaramin zangon da layinki ke amfani da shi ba ya cikin jerinta, ki mayar ko ki bar ta ga mai zaman ofis inda akwai Wi-Fi. Idan yana ciki, to matsalar daga ƙarfen sabis na yankin take, ki gwada layin wani kamfani a cikin siton. Sauran biyar ɗin kuma su zama samfuri ɗaya, lamba ɗaya, a rubuta IMEI ɗin kowace a rasit tare da sharaɗin mayarwa na 'yan kwanaki, sannan a kai ɗaya can ƙuryar siton a yi kira da ita kafin a yage ledar sauran.