Makauniya da kurame a aji ɗaya: wace irin manhajar karatu za ta amfane su?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a cikin garin Sakkwato. A ajina akwai yarinya makauniya, da yara biyu kurame, da wani yaro da shan inna ta taɓa masa hannun dama. Ƙanena ya karanci kwamfuta, ya ce zai haɗa mini manhajar waya ta koyon karatun Hausa da lissafi. Shin mu yi wa waɗannan yara tasu daban ne, ko guda ɗaya ta wadatar da kowa? Kuma ta ina za mu fara, ga shi ba mu da wani kuɗin kirki? Allah shi saka da alheri.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki ladan kula da yaran nan, ya kuma yi wa ƙanen naki albarka.

Ku yi guda ɗaya. Duk inda aka ware wa masu buƙata ta musamman tasu manhajar, ita ake fara mantawa da ita: a ƙara darasi a ta kowa, tasu tana nan yadda aka bar ta bara. Abin da ya kamata shi ne kowane darasi ya zo ta hanya fiye da ɗaya, a ji shi da kunne, a gan shi da ido, a iya amsa shi da yatsa ɗaya. Kamar gida ne mai ƙofofi da yawa, kowa ya shiga ta wadda ta fi masa sauƙi, amma tsakar gidan ɗaya ce.

Kafin ƙanenki ya rubuta komai, ya ɗauki wayarsa ya shiga saiti ya kunna TalkBack, wato mai karanta allo da ke cikin wayoyin Android kyauta. A iPhone sunansa VoiceOver. Sai ya rufe idonsa ya gwada aika saƙo ɗaya. Zai goga yatsa zuwa dama, wayar ta faɗa masa abin da ke gaba, ya taɓa sau biyu ta buɗe. Nan zai gane inda gizo ke saƙar. Idan ya zo kan madannin da mai manhaja ya sa wa hoto kawai bai rubuta masa suna ba, wayar ba za ta san me za ta ce ba, sai dai ta ce ga wani madanni marar suna. Mai ido ya ga hoton lasifika ya san na sauraro ne, makauniya kuwa sai dai ta yi canke. Gyaran wannan layi ɗaya ne a wurin mai haɗa manhaja, amma sai ya san da matsalar.

Haka kuma ɗabi'ar nan tamu ta ɗaukar hoton takardar darasi a tura ta WhatsApp. A wurin mai karanta allo wannan hoto ne kawai, ba rubutu ba. A buga darasin da haruffa na gaske.

Sai dai akwai wata matsalar da ta shafe mu mu Hausawa musamman. Muryoyin da ke zuwa da mafi yawan wayoyi na Turanci ne, in aka ba su rubutun Hausa sai su dagula shi. Ba su san karin sautinmu ba, ba su san dogon wasali da gajere ba, haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ kuma sukan tsallake su ko su kira su da wani suna. Babban mutum da ya iya Hausa zai iya haƙuri ya gane, amma yarinyar da yanzu take koyon bambancin “ƙafa” da “kafa” rikita ta za a yi. Saboda haka ke da kanki za ki naɗi muryarki, a ɗaki marar hayaniya, a kashe fanka na ɗan lokaci. Ki riƙa faɗin abin da kike nunawa. Kada ki ce “ku dubi wannan”, ki ce “ga mangwaro uku a hagu, biyu a dama”. Muryar ba ta da nauyi: minti ɗaya na magana a MP3 mai matsakaicin inganci bai kai rabin megabait ba. Za a iya zuba darussan zango guda a katin memori, yarinyar ta saurara ko a ƙaramar rediyo mai cin kati, ba sai da data ba.

Ina roƙonki kada sauraro ya hana ta koyon rubutun makafi. Louis Braille, Bafaranshe da ya makance tun yana yaro, shi ya tsara shi a 1824 da ɗigo shida kacal, kuma har yau babu abin da ya maye gurbinsa wajen sanin yadda ake jera haruffan kalma da yadda ake tsara lissafi. Wanda ke sauraro kawai ya san magana, amma bai san rubutu ba. Allon huda takarda da ɗan tsinkensa ba su buƙatar caji. A nan Sakkwato akwai makarantar musamman ta A.A. Raji, ki je ki gaisa da malamanta, ki nemi su nuna miki yadda ake fara koyar da yaro.

Batun kuramen ya fi wuya, kuma nan ne masu haɗa manhaja suka fi yin kuskure. Sai su ce ai kurma yana gani, a rubuta masa a ƙasan bidiyo kawai. Yaron da aka haifa kurma bai taɓa jin Hausa ba, rubutacciyar Hausa a wurinsa harshe na biyu ce da yake kan koya. Harshensa na farko na hannu ne, kuma iri biyu ne a ƙasar Hausa. Akwai maganar hannu ta gargajiya da kurame ke yi a kasuwa da unguwa tun kaka da kakanni, wadda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano. Akwai kuma ta makaranta, wadda ta samo asali daga ta Amurka, bayan Andrew Foster, wani baƙar fatan Amurka wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Sai ki fara gano wadda yaran nan biyu suke yi a gida, domin a kanta za a ɗora sabon karatu.

Mai yin bidiyon ya zama kurma ne babba wanda ya ƙware, ba mai ji da ya koyi alamomi kaɗan ba. A ɗauke shi daga ƙugu zuwa saman kai, bango fili a bayansa, haske yana dukan fuskarsa. Kada a tsayar da shi ya ba taga baya. Fuska tana cikin maganar: ɗaga gira da motsin baki suna iya mayar da zance tambaya, in fuskar ta yi duhu an yanke rabin ma'ana. Kuma duk inda manhajar za ta yi ƙara ta ce an ci ko an faɗi, ta haɗa da girgizar waya da alama a allo.

Yaron mai shan inna bukatarsa mai sauƙi ce. Madannai su zama manya, ma'aunin Android shi ne kusan milimita 9 kowane gefe, da tazara a tsakani. Kada a sa abin da sai an ja da yatsu biyu, kada a sa agogo mai ƙirga daƙiƙa yana korar yaro.

Ƙanenki ya nemi ƙa'idojin WCAG, waɗanda ke bayanin yadda ake sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet, suna nan a intanet kyauta, kuma sabon tsarinsu na 2.2 ya fito a 2023. A ciki zai ga cewa bambancin hasken rubutu da na bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, kuma a iya ninka girman rubutu sau biyu ba tare da shafin ya wargaje ba. An yi wannan don masu raunin gani, irin yaran zabiya da ke manna takarda a fuska kafin su karanta. Amma a ranar Sakkwato ta watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40 ana karatu a gindin darbejiya, rubutu ruwan toka a farin allo ba wanda zai gan shi ko da idonsa garau ne. Ya kuma gwada a tsohuwar waya mai arha irin ta iyayen yaran, a kashe data, a ga ko darasin zai buɗe.

Kuɗin da kuke da shi, komai ƙanƙantarsa, ku kashe shi a kan mutanen da za su gwada muku. NVDA, mai karanta allon kwamfuta kyauta da makafi ke amfani da shi a faɗin duniya, makafi biyu ne 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina shi tun daga 2006, shi ya sa ya san inda ke yi wa makaho ciwo. Rufe ido da ƙanenki zai yi somin-taɓi ne kawai, ba zai mayar da shi makaho ba. Ku bi ta ƙungiyar makafi da ta kurame, ko ta hannun Sarkin Makafi, ku sami manya biyu ko uku da ke aiki da waya kullum. Ku ba su darasi ɗaya tak, ku zauna gefe ku yi shiru, kada ku kama musu hannu. Inda suka tsaya, nan ne aikin yake. Ku biya su kuɗin mota da na lokacinsu, domin ilimi suka ba ku.

In kin je wurin hedimasta ko hukumar ilimi neman kayan rubutun makafi ko mai fassarar hannu, ki tafi da sanin cewa haƙƙi kike nema wa yaran. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020. Ki rubuta buƙatar a takarda, da adadin yaran da abin da kowanne yake buƙata, ki ajiye kwafi ɗaya a wurinki.