Tambaya da Amsa: Takardar da Aka Ce Washington Ne Ya Sa wa Hannu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. A Amurka nake zaune, kuma na ɗan jima ina tara tsofaffin takardu, amma ƙanana. Kwanan nan wani dillali ya tallata mini takardar izinin wuce shingen sojoji ta zamanin yaƙin neman 'yancin kai, wai rubutun da sa hannun duk na George Washington ne, shugaban Amurka na farko. Ta yi jawur don tsufa, gefenta har ya soma ɓarɓashewa, ga kuma takardar shaidar sahihanci. Dala 2,500 ya yanka mini, na ba da 500 kafin alƙalami. Yanzu wani abokina ya ce jabu ce, barci ya ƙaurace mini. Ashe takarda za ta tsufa haka kuma ta zama ta bogi? In cika kuɗin ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ƙara masa ko sisi tukuna. Ban riƙe takardar a hannuna ba, don haka ba zan yanke mata hukunci ba, amma duk abin da ka lissafa don ya kwantar maka da hankali, ni tayar mini da nawa ya yi.

Farashin kaɗai ya isa. Araha ba ta ado. Takardar gaske mai sa hannun Washington ta dubban daloli masu yawa ce, sau tari gomman dubbai, balle wadda ya rubuta da kansa daga sama har ƙasa. Wasiƙar da ya aika wa ɗan ɗan'uwansa Bushrod a 1787 kan tsarin mulki, sama da dala miliyan 3 aka saye ta a gwanjon Christie's, shahararren kamfanin gwanjo, a 2009. Dillalin da ya san Christie's ba zai neme ka da 2,500 ba.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "ta yi ja don tsufa". Kullum sai na ji ta, har daga bakin waɗanda suka shekara suna wannan harka. Wa ya gaya wa mutane cewa tsohuwar takarda dole ta yi ja? Takardar zamanin Washington da tsummokaran lilin da auduga aka yi ta. Ba ta da tsamin da ke cinye takardar ɓargon itace, wadda sai bayan tsakiyar ƙarni na 19 ta cika kasuwa. Shi ya sa za ka ɗauki wasiƙar 1780 ka gan ta fara-fara, da taushi, ka lanƙwasa ta ba ta karye ba, alhali jaridar 1950 tana rududdugewa a hannu. Takardar da ta yi ja bai-ɗaya, ko'ina launi guda, tana ƙaraf-ƙaraf, ko dai rina ta aka yi, ko kuwa irin kwafin nan ne da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido a shagunan tsaraba na Filadelfiya.

Kuma ko da takardar tsohuwa ce da gaske, to sai me? Robert Spring, haifaffen Ingila da ya zauna a Filadelfiya ya mutu a 1876, da wannan ya ci abinci. Yakan yanko fararen shafukan tsofaffin littattafai, ya jiƙa da ruwan kofi, ya zauna ya zuba rubutun Washington. Abin da ya fi bugawa kuwa? Cakin banki da takardun izinin wuce shingen sojoji, irin wadda aka tallata maka sak. An kama shi ba sau ɗaya ba, amma kayansa sun riga sun bazu. Yau jabunsa sun kai shekara 150 a duniya, sun tsufa tsufan gaske, wasu an gaje su kaka da kakanni a gidajen da ke rantsuwa da su. Masu tara takardu har sayensu suke yi da sunan aikin Spring, a farashin da bai kama ƙafar na gaske ba. Bayansa aka yi Joseph Cosey, wanda ya saci takarda mai sa hannun Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a 1929, daga baya ya koma ƙera tasa. Sai Mark Hofmann, da ya haɗa tawada irin ta da, ya tsufar da ita da sinadari, ya ruɗi ƙwararru, kafin ya kashe mutum biyu da bam a 1985 don rufe asirinsa. Waɗannan duk tsufa suka sayar wa mutane, mutane kuma suka saya.

To, in ka samu ka riƙe ta, ɗaga ta ga haske. Ya kamata ka ga siraran layuka a jikinta, jere kusa da kusa, da wasu masu tazara da suka gitta su, wataƙila har da tambarin masana'anta. Wannan takardar kawai ya wanke, bai wanke rubutun ba. Sai ka ɗauko madubin ƙara girma ka bi tawadar. In ɗigo-ɗigo ka gani, bugu ne, magana ta ƙare. Tawadar lokacin mai ƙarfe ce, takan koma ruwan ƙasa ta ci jikin takarda har inuwarta ta leƙo ta baya. Sabuwar tawada a kan tsohuwar takarda kuwa nashewa take yi, gefen harafi ya yi gashi-gashi, musamman inda alƙalami ya tsallake tsohon ninki. Ka lura da alƙalamin ma: da gashin tsuntsu Washington ya yi rubutu, kuma ya rasu a 1799, tun kafin bakin alƙalami na ƙarfe ya yaɗu. In ka ga kwari biyu a gefen layin tawada, ƙarfe ne ya karta.

Cewa duk rubutun nasa ne ma ba abin murna ba ne. A lokacin yaƙi magatakardansa, irin su Alexander Hamilton da Tench Tilghman, su ke rubuta galibin takardun aiki, shi ya sa hannu.

Takardar shaidar kuwa, wa ya rubuta ta? In mai sayarwar ne, to shi ya yi ƙara, shi ya yi shaida, shi ya yanke hukunci. Babu wata hukumar gwamnatin Amurka da ke ba da lasisin tantance sa hannu. Duk mai na'urar bugu da hatimin zinare-zinare zai iya fitar da goma kafin azahar. Wanda ya iya ƙera Washington, takardar shaida ce za ta gagare shi?

Ka nemi ya faɗa maka salsalarta: hannun wa ta fito, a wane gwanjo, wace shekara, a wane kundin gwanjo aka buga hotonta. Ka duba kwanan watan a Founders Online, rumbun da Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Amurka ta buɗe kyauta, ka ga ko Washington yana wurin da takardar ta ce a ranar. Sannan ka buƙaci yarjejeniya a rubuce cewa wani masani da kai ka zaɓa, wanda ba shi da ko kwabo a cinikin, zai duba ta, kuma duk ranar da ta tabbata jabu ce za a mayar maka da kuɗinka. In ya soma cewa akwai wani mai saye da ke jira, ka nemi 500 ɗinka a rubuce tun yau. Idan da katin banki ka biya, ka kai ƙorafi bankinka da wuri, don irin wannan ƙorafi yana da wa'adi.