Amsa ga mai tambaya kan jami'o'in baƙaƙen fata na Amurka

Wa'alaikumus salam ƙanina. Ka ce ka samu adimishan a ɗaya daga jami'o'in nan da ake kira HBCU, wato waɗanda tun asali aka kafa a Amurka don baƙaƙen fata, wai kuma wani ya ce maka makarantun waɗanda suka rasa gurbi ne, digirinsu ba ya da daraja. To wanda ya faɗa maka haka ji kawai ya yi a gari. Ni a ɗaya daga cikinsu na yi digirina na farko, can kudancin ƙasar, ba sai na kama suna ba.

An kafa su ne lokacin da jami'o'in turawa ba sa ɗaukar baƙar fata, yawanci bayan yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865, yanzu sun kai wajen 100. Howard da ke Washington tun 1867 take, nan Kamala Harris ta yi, Morehouse ta Atlanta maza zalla ce kuma ita ta yaye Martin Luther King a 1948, Zik da Nkrumah kuwa duk sun yi Lincoln ta Pennsylvania. In injiniya kake so, North Carolina A&T ba daga baya ba. Su ɗin nan ne marasa daraja?

Abin da ni na fi amfana da shi shi ne malamai. Aji ƙarami ne, farfesa ya san sunanka ya san inda kake zama, akwai wata dattijuwa da ke koya mana lissafi, in ka yi fashin aji sai ka ga saƙonta tana tambaya lafiya dai, ranar da ka dawo kuma ta tsare ka a bakin ƙofa da faɗa sai ka ce gwaggonka ce. Sannan ba ka zama kai kaɗai ne baƙi a aji kowa na kallonka, abokaina da suka je wasu makarantun wannan ne kukansu kullum.

Amma fa kar ka ɗauka don kowa baƙi ne ka zo gida. A'a wallahi. Kai ɗan Afirka ne, su 'yan Amurka ne, da nasu tarihin na bauta da wariya wanda mu a littafi muka karanta su kuma kakanninsu ne suka ba su labari da baki. In ana wannan maganar ka fi yawan saurare, kar ka yi saurin cewa ai abu ya wuce. Wasu za su yi maka tambayoyin da za su ba ka haushi kan Afirka, wasu kuma sun fi ka sanin tarihin Mali da Songhai, ka sha mamaki.

Bikin dawowar tsofaffin ɗalibai da ake yi wajen Oktoba kuwa sai wanda ya gani. Makaɗan makaranta da kakaki da ganguna, tsofaffi da sanda sanye da kalar makaranta, gashin nama ko'ina. Nan sai ka kula, ka riƙa tambaya, don hatta ganyen da suke dafawa sau da yawa da naman alade a ciki. Sallar Juma'a mu a wani ɗan ɗaki muke yi, wataran mu bi wani mai mota zuwa masallacin cikin gari.

Inda na sha wuya shi ne ofis. Yawancin makarantun nan ba su da kuɗi irin na manyan jami'o'in turawa, a tamu layin rajista da na biyan kuɗi sai da haƙuri, takarda ɗaya ka yi ta zarya a kanta, hostal ma wani ginin ya tsufa. Don haka duk alƙawarin sikolashif da suka yi maka ka tabbatar a rubuce yake kafin ka je neman biza, ka tambaya ko na shekara ɗaya ne ko har ka gama, kuma kar ka dogara da aiki, bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi a mako lokacin karatu, shi ma cikin makaranta.

Wace makaranta ce ta ɗauke ka, kuma wane kwas? Faɗa mana, don ba duka suka zama ɗaya ba, wata ta fi ƙarfi a harhaɗa magunguna wata a noma.