Famfo mai farfela ko mai haƙora: wanne zai mayar maka da kuɗinka?

Wani mai sarin man injin ya aiko da tambaya. Yana juye mai daga tanki zuwa ganguna da famfo mai farfela, irin na ruwa, amma da sanyi ya shigo sai man ya riƙa ɗiga kamar ba a kunna ba. An ce ya sayi mai haƙora, sai dai tsadarsa ta ba shi tsoro.

Malam, shawarata ka saya. Farfela watsa ruwa take yi da gudu, to shi mai idan ya yi kauri ba ya watsuwa, sai ta yi ta juyi tana cin lantarki a banza. Shi kuwa mai haƙora, haƙoran ƙarfe biyu ne ke cin juna, kowane juyi su kama awo ɗaya na mai su tura shi gaba. Ko man ya yi kauri, ko hanyar ta yi tsawo, abin da ke fita kusan ɗaya ne. Wannan ne ma zai ba ka damar sanin minti nawa ganga mai lita 200 za ta ɗauka, ka tsara aikin yaranka a kai.

Kada ka tsaya kan kuɗin saye kawai. Lissafa lantarkin wata guda, da awannin da motar abokin ciniki take jira a ƙofa, ka ga wanda ya fi tsada.

Amma akwai abin da nake roƙonka. Famfo mai haƙora ba ya sanin an rufe masa hanya. Idan yaro ya rufe bawul ɗin fita alhali yana aiki, zai ci gaba da turawa har bututu ya fashe ko injin ya ƙone. Don haka kada ka karɓe shi sai da bawul ɗin sauke matsi a jikinsa. Ka sa mataci a bakin shiga, domin tsakuwa ɗaya tana iya cinye haƙoran, kuma kada a bar shi yana juyi babu mai a ciki.

Sannan ka tambayi mai sayarwa irin robar da ke toshe yoyo. Robar EPDM tana kumbura idan ta haɗu da man fetur da danginsa, robar da ake kira NBR ce ta dace da kayanka. Ka tabbata kuma yana da kayan gyaransa a hannu kafin ka biya.