Amsar tambayar kiɗan Coolio: ka nemi faifan Stevie Wonder na 1976

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan ja, don maganar ta fi ƙarfin a danna ta da yatsa.

Ɗana, kai ne ka turo waƙar nan ta Coolio, mawaƙin rap na Amurka, Gangsta's Paradise, kana tambaya wai da gaske ne kiɗan ba nasa ba ne, kuma in aro ya yi, a hannun wa. To, da gaske ne. Ta Coolio ta fito a 1995, amma kiɗan da ke ƙarƙashinta da yadda amshin ke tafiya, duk daga waƙar Stevie Wonder aka ɗauko, mai suna Pastime Paradise. Kuma ba sata ba ce, izini aka nema. Stevie bai amince ba sai da aka tsame ashariya daga baitocin. Shi ya sa in ka kasa kunne ba za ka ji zagi a cikinta ba.

Amma roƙona gare ka, don Allah kada ka je ka tsinko wannan waƙa guda ka yi gaba. Faifan da take ciki, Songs in the Key of Life, ba a yi shi don a yi masa ɗauki-ɗai-ɗai ba. Ya fito ranar 28 ga Satumba, 1976, a ƙarƙashin kamfanin Motown. Manyan fayafayai biyu ne, da wani ƙarami na gyara mai waƙa huɗu, duka waƙa 21, sama da awa ɗaya da rabi. Yana fitowa ya haye na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, ya yi mako 13 a jere ba a ture shi ba. A lokacin Stevie yana da shekara 26 kacal.

Shi wannan bawan Allah, an haife shi a 1950 a garin Saginaw, jihar Michigan. Bakwaini ne, aka sa shi a kwalba, a nan idonsa ya samu matsala, ya tashi ba ya gani. Yana ɗan shekara 11 Motown ta ɗauke shi. A 1973 ya yi mummunan haɗarin mota, ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba. Zuwa 1975 har ya fara maganar zai bar waƙa ya koma Ghana ya riƙa taimakon yara masu lalura. Sai daga baya ya fasa, ya shiga ɗakin naɗar waƙa, ya daɗe a ciki har mutane suka gaji da jira. Wato mutumin da ya leƙa lahira ya dawo, kuma ya kusa ajiye sana'ar, shi ne ya yi aikin nan. Wallahi kana jin hakan a muryarsa tun daga waƙar farko, Love's in Need of Love Today, da ya buɗe ta a hankali kamar mai sanarwa a rediyo, yana roƙon mutane su daina ƙiyayya tun kafin ta yi nisa.

Na ga wani a ƙasa ya tambayi bambancin soul da funk. A taƙaice, soul daga waƙoƙin coci na baƙaƙen fatar Amurka ya samo asali, murya ce ke jan ragama, kayan kiɗa na biye da ita. Shi kuwa funk, wanda James Brown ya fi kowa kafa shi, ganga da jitar bes ne a gaba, kowane abin kiɗa yana buga ɗan guntun rabonsa yana maimaitawa. Ka san lugude? Mata uku a turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin saukarta, babu mai karo da wata? To haka funk yake. In kana son jin sa tsagwaronsa, ka saka I Wish. Nathan Watts ne a kan bes, tun daga daƙiƙar farko yake takawa bai tsaya ba, sannan masu busa su faɗo. Kuma me yake faɗa a ciki? Ƙuruciyarsa ce kawai, rashin jin da ya yi, da talaucin gidansu, da yadda yake fatan kwanakin su dawo. Kafin ita akwai Sir Duke, ta yabon Duke Ellington, gwanin jaz da ya rasu a 1974, inda ya jero magabatansa irin su Count Basie da Ella Fitzgerald. Yaron da ya san na gaba da shi ke nan.

Amma ni wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Village Ghetto Land. Kiɗan mai taushi ne, irin na fadar sarakunan Turai, sai ka ɗauka taron masu goge ne aka ajiye. Alhali shi kaɗai ne a kan wata na'ura mai madannai, Yamaha GX-1. A kan wannan kiɗa na ƙasaita yake gayyatarka ka biyo shi unguwar talakawa, ka ga fasassun kwalabe a titi, da yara masu gyambo, da iyalan da abincin karnuka suke saye su ci, su kuma 'yan siyasa suna can suna shewa. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Wannan sanyin ne ke sa maganar ta shige ka. Mutumin da bai taɓa ganin titin da idonsa ba, amma ya kwatanta maka shi har ka ji kunyar kanka. To in ka tsallake wannan ka tafi kai tsaye wajen masu sa rawa, ba ka san me ake rawar a kansa ba.

Sai Isn't She Lovely, wadda na san iyayenmu mata na wannan zauren za su so. 'Yarsa aka haifa masa a 1975, ya sa mata suna Aisha, ya kuma ambaci sunan a cikin waƙar. Da kukan jariri ta fara, a ƙarshe kuma kana jin ana yi wa yarinyar wanka, tana fantsama ruwa, shi kuma yana ta busa hamonikarsa. Uba ne da murna ta cika wa ciki, bai ɓoye komai ba.

Akwai Black Man, ta haura minti takwas, inda a ƙarshenta malamai ke jefa tambaya yara na amsawa da ƙarfi, ana kiran sunayen mutane daga kowane launin fata da suka gina Amurka, irin su likita Daniel Hale Williams da Matthew Henson. Akwai wadda ya rera da Zulu da Sifaniyanci da Turanci. Makaɗin jaz Herbie Hancock yana cikin waƙar As, gwanin jita George Benson yana cikin waƙar Another Star. Waɗannan ka gano su da kanka.

Ga kuma wani abu da ya shafe mu. Lokacin da faifan ya ci lambar Grammy ta gwarzon shekara a Fabrairun 1977, Stevie ba ya Amurka, yana Legas. Ya zo FESTAC 77, bikin nan da aka yi hawan dabarsa a Kaduna, ta tauraron ɗan adam aka haɗa shi da zauren taron Grammy ɗin. Karo na uku ke nan da ya ɗauki wannan lamba cikin shekara huɗu. Ghanar da ya so komawa kuwa, a Mayun 2024, ranar da ya cika shekara 74, aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa a Accra.

Saboda haka ɗana, ka samu dare guda da babu hayaniya, ka sa abin ji a kunne, ka kashe wannan maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi, ka bi su yadda ya jera su. Pastime Paradise ita ce ta takwas. In ka iso ta, ka jira ƙarshenta, inda mawaƙan coci da mabiya Hare Krishna, wata ɗariƙa ta addinin Hindu, suke rerawa tare, kowa da nasa. Wannan wurin babu shi a ta Coolio. Ka saurara ka turo min murya, ina son jin wadda ta kama ka. Sai an jima.