Amsa ga ɗan'uwan da gara ta shiga takardun kakansa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. Tun da asuba na ga tambayarka, cewa kun buɗe adakarsa bayan damina kun tarar gara ta ci gefen takardu, wasu sun manne da juna suna wari, kuma wani ya ce ka kai shago a yi musu laminatin. Gabana ya faɗi da na kai kan kalmar nan. Don girman Allah kada ka kai. Ko warƙa ɗaya kada ka bayar a gwada.

Mu an yi mana, warƙa arba'in da ɗaya, kuma har yau ban huce ba. Injin laminatin da zafi yake aiki, sama da digiri 100, yana narkar da gam ɗin da ke cikin ledar, gam ɗin ya ratsa cikin zaren takardar ya daskare a can. Daga nan takarda da leda sun zama abu ɗaya. In ka ce za ka ɓare, rabin kaurin takardar zai bi wannan gefe, rabi ya bi wancan, rubutun ya tsage a tsakiya. In kuma da sauran laima a jikinta lokacin da aka rufe, ka kulle ta ke nan da ciwonta, tana ci gaba da ruɓewa a ciki kana kallo ta leda ba ka da abin yi. Abin da ya fi ƙona rai ma shi ne almakashi. Yaron shagon nan, da ya ga warƙoƙin ba su daidaita da ledarsa ba, sai ya bi gefe ya datse, wai don aiki ya yi kyau. A gefen nan ne ɗalibai suka rubuta fassarar kalmomi da ajami, a nan ne kalmar da ke nuna shafi na gaba take. Ya zubar da su a kwandon shara tare da guntayen katin biki. Da aka yi masa magana cewa ya yi ai ba su cikin rubutun. Ba su cikin rubutun! Kuma ya karɓi kuɗinsa cif, har yana neman a yaba masa. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Ban ga laifin jahilcinsa kamar na ƙarfin halinsa ba, mutum ya ga abin da ya girmi kakansa ya sa masa almakashi bai tambayi kowa ba.

To, bari in dawo kanka. Salatif ma haka yake, kada ya kusance su. Bayan 'yan shekaru ledarsa ta faɗi, gam ɗin ya zauna ya zama tabo ruwan ƙasa wanda ya ratsa har bayan shafin. Haka gam na kwalba, haka roba da ake ɗaure kuɗi da ita, haka fil ko wani ƙarfen maƙale takarda, tsatsa yake zubarwa.

Fara da fitar da komai daga adakar zuwa ɗaki mai iska, a inuwa. Ban ce rana ba. Mutanenmu da sun ga danshi sai su ce a shanya, amma rana tana gasa takarda ta koma kamar ganyen da ya bushe, jan tawada kuma ya koɗe. Shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan tebur ko gado, ka jera su ƙulli-ƙulli yadda ka same su, fanka tana juyawa daga nesa ba tana busa su kai tsaye ba. Waɗanda suke da laima ka sa farar takarda mara rubutu a tsakaninsu, kana canzawa safe da yamma har su bushe. Sa takunkumi, don funfunar nan tana shiga ƙirji. Kada ka goge funfuna tana ɗanya, shafe ta za ka yi cikin takardar. Sai ta bushe ta zama gari, sannan ka ɗauki buroshi mai laushi ƙwarai, irin na kwalliyar mata sabo, ka share daga tsakiya zuwa gefe, a waje ba cikin ɗakin ba. Waɗanda suka manne suka zama dunƙule kuwa, bar su a dunƙulensu. Kada ka sa wuƙa, kada ka turara su da tururi, kada ka yayyafa ruwa.

Dalilin ruwan nan yana wajen tawada. Iri biyu za ka fi samu. Akwai baƙa ta gawayi ko baƙin tukunya da aka dama da ƙaro, ita wannan a saman takarda take zaune, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kwashe layi guda. Akwai kuma wadda ake dafawa da bagaruwa a sa mata ƙarfe ko kashin maƙera, wadda ke komawa ruwan ƙasa in ta tsufa. Ita ta kama takarda da kyau, amma akwai asid da ƙarfe a cikinta, kuma laima ke tayar da su su fara cin takardar. Ɗaga warƙa ɗaya ka duba: in ka ga inuwa ruwan ƙasa ta kewaye haruffa, ko rubutun ya fito ta baya, ko wani harafi mai kauri ya zube ya bar huda daidai siffarsa, to ita ce. Irin wannan warƙa ba a lanƙwasa ta, a tafin hannu biyu ake ɗaukarta ko a kan wata takarda. In akwai Alƙur'ani mai zayyana a ciki za ka ga ja a wasulla, rawaya a hamza, kore a alifin wasali. Wani rawayan daga zarnik ake samunsa, kuma guba ne, saboda haka a daina lasar yatsa ana buɗe shafi, a kuma wanke hannu bayan an gama. Hannu wankakke busasshe ya fi safar hannu, safa tana kama gefen da ya tsage.

Abu ɗaya da nake roƙonka kafin 'yan'uwa su taru kowa ya sa hannu: kada a canza jerinsu. Littattafanmu ba ɗinke su ake yi ba, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe su da shi, a zura a gafaka. Ba lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerin shi ne kalmar nan guda da marubuci ke sauko da ita can ƙasa a bayan warƙa, wadda ita ce kalmar farko a warƙa ta gaba. Inda gara ta cinye wannan kusurwa, ba abin da ya rage maka sai yadda ka same su a jere. Don haka ka ɗauki fensir mai laushi, ba biro ba, ka sa ƙaramar lamba a kusurwar sama ta kowace warƙa yadda take a yanzu, ko da kana ganin ba daidai aka jera ba. Gyaran jeri daga baya ne, da malamin da ya san littafin.

Kuma a nan zan ɗan kauce, ka yi haƙuri. A ja kunnen magada. Ana raba littafi kamar ana raba gero, wannan ya ɗauki rabi don tabarruki, wancan ya ɗauki rabi, bayan shekara goma ba wanda ya san inda farkon yake. Ga masu zuwa aro da sunan za su kwafa su dawo da shi. Ga dillalai masu zagayawa suna cewa ai tsofaffin takardu ne, kawo a ba ka na goro. Duk wanda ya ce aro, a ba shi hoto.

Hoton ma yi shi da wuri. Wayarka ta isa. Shimfiɗa baƙin ƙyalle kusa da taga da hantsi, kashe filasha, ka samu abin da zai riƙe wayar a sama daidai kan takardar don kada hoton ya karkace. Ajiye rula a gefe don a san girman warƙar. Ɗauki gaba da baya, har da gefuna gaba ɗaya, har da shafin da ba komai, har da tadarishin da gafakar. Kada ka kifa su a injin fotokwafi kana dannawa da murfi. Hotunan kuma kada su tsaya a waya ɗaya, kuma in za ka tura wa wani ta WhatsApp tura su a matsayin fayil, in ba haka ba yana rage musu kyau har ƙananan ɗigo su ɓace.

Maganar ƙwari. Gara ba a cikin takardun take zaune ba, gidanta yana ƙasa ko cikin bango, ta gina hanya ta hau. Nemo hanyar ka rushe, a yi wa ɗakin magani takardun ba sa ciki. Amma in ka ga ƙananan huda zagayayyu kamar an soka allura, da gari mai laushi yana zubowa, wannan tsutsar wani ƙwaro ce kuma tana iya kasancewa a ciki har yanzu. Kada ka fesa musu maganin sauro, ko fiya-fiya, ko kananzir, mai ne, tabonsa ba ya fita. Abin da masu adana kayan tarihi ke yi shi ne sanyi: takardun su bushe sarai tukuna, a naɗe su da farar takarda, a sa a leda mai kauri a matse iska a ɗaure, a ƙara wata ledar, a sa a firiza mai kai digiri 18 ƙasa da sifiri har mako biyu. In an fitar ba a kwance ledar sai ta kwana ta yini ta dawo daidai da zafin ɗaki, don raɓar ta taru a bayan leda ba a kan takarda ba. Matsalar ita ce wuta. Firizar da ke daskarewa ta narke kullum ba za ta kashe ƙwai ba, sai dai ta jiƙa maka kaya. In ba ka da mai sola ko wadda ba ta mutuwa, bar wannan hanyar. Ware waɗanda ake zargi daban, ka share su shafi-shafi, ka ɗora su kan farar takarda kana dubawa duk mako ko sabon gari ya zubo.

Wajen ajiya, funfuna tana tashi ne in danshin iska ya wuce kashi 65 cikin ɗari ya daɗe a haka, kuma watan Agusta a nan ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Hunturu kuma ya zo ya busar da su har su riƙa karyewa. Wannan kai-komon ne ke gajiyar da takarda. Samu akwatin ƙarfe mara tsatsa, ka ɗora a kan bulo ko katako kamar taƙi guda daga ƙasa, nesa da bangon waje da inda rufi ke yoyo. Kowane littafi a naɗe shi da farin alawayyo da aka wanke aka ɗauraye sosai, ba sitaci ba bula, don sitaci abincin kyankyaso ne. A kwance za a ajiye, kada a jibga da yawa. Kada a naɗe da jarida ko kwalin taliya, asid ɗinsu yana komawa jikin takardar. Kada a kulle a leda da damina. 'Yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani, tara su ka zuba a kusurwar akwatin. Ka riƙa buɗewa duk wata, musamman daga Yuli zuwa Satumba.

Ka tambaya ko za a iya sanin shekarunsu. Ɗaga warƙa a gaban taga ko ka haska tocila ta bayanta. In ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, daga babba zuwa ƙarami, wannan takardar arewa maso gabashin Italiya ce, ta biyo ta Tarabulus ta ratso Sahara a kan raƙuma. Bature Barth da ya zo Kano a 1851 ya ambace ta cikin kayan da ake shigowa da su, har ya ce da ita ake naɗe tufafin da ake yi a ƙasar. Wani lokaci za ka ga haruffan AG ko sunan Andrea Galvani na garin Pordenone. Sai dai an daɗe ana yin irinta, har cikin ƙarni na 20, don haka wata uku kaɗai ba ta isa ka ce littafin na zamanin Shehu ne ba. Duba ƙarshen littafin, inda marubuci ke cewa tammat, ya kawo sunansa, wani lokaci da shekara a ramzi, wato a rubuta ta da haruffan Larabci maimakon lambobi. A kula, lissafin haruffa na Magrib malamanmu suke bi, inda harafin shin yake 1000, ba 300 ba kamar na gabas. Misali in ka ga shin da ra da fa: 1000 da 200 da 80, wato 1280 bayan hijira. Don samun shekarar miladiyya, ninka da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa wajen 1863. In ka bi lissafin gabas 580 za ka samu, ka fito kana shelar littafin kakanka ya shekara ɗari takwas. Sannan ka bambance shekarar da mawallafi ya gama littafin da shekarar da aka kwafe wannan da ke hannunka, masu kwafa sukan ɗauko ta farkon yadda take.

Gyaran tsaga kuwa ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Da wata siririyar takardar Japan ake yi da kunun sitacin alkama, wanda za a iya cirewa in an so, kuma hannu ne da aka koya. Ka tafi da hotuna tukuna, ba takardun ba, Arewa House a Kaduna, ko gidan adana tarihi na Waziri Junaidu in Sakkwato ta fi maka kusa, ka nemi su haɗa ka da wanda ya san aikin. In ta kai ga ka bar musu wani abu, a ƙirga warƙoƙin a gabanka, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Guntayen da gara ta bari a ƙasan adakar ma kada a share a zubar ko a ƙone. Tattara su a ambulan, ka rubuta a bayansa daga wane ƙulli suka fito. In ka samu dama turo mana hoton shafin ƙarshe na wanda ya fi girma a cikinsu, akwai masu karanta ramzi a nan.